Quechua: Harshen da ke tambayar mai magana ina ya ji labari

Mutane kimanin miliyan 8 zuwa 10 ne ke magana da harshen Quechua, wanda ake furtawa Kecuwa, galibinsu a tsaunukan Andes na ƙasashen Peru da Bolibiya da Ekwado. Da shi daular Inka ta yi mulki daga birnin Cusco kafin Sifaniyawa su rusa ta a ƙarni na 16.

Bahaushen da ya yi karatun allo ya riga ya mallaki wasu daga cikin sautukan da ke wahalar da Turawa masu koyon harshen.

A karin harshen Cusco, k' daidai yake da ƙ ta Hausa, q kuwa ƙafun ne na Larabci, daga can cikin maƙogwaro. Sai dai a kula, domin ana bambanta furuci uku: tanta taro ne, thanta tsumma, t'anta kuma burodi.

Wasula uku ne, a da i da u, kamar fataha da kisira da rufu'a. Idan i ko u ya kusanci q sai ya karkata zuwa e ko o. A kan wannan aka daɗe ana jayayya: a 1985 gwamnatin Peru ta amince da rubutu da wasula uku, yayin da cibiyar harshen da ke Cusco ta nace kan biyar.

Nahawun ne ke buƙatar haƙuri. Ana gina kalma ta hanyar jera ɗafa-ƙeya. Wasi gida ne, wasiy gidana, wasiykuna gidajena, wasiykunapi a cikin gidajena. Aikatau a ƙarshen jimla yake zuwa, kuma babu bambancin jinsi, wato "shi" da "ita" duk pay ne.

Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne yadda mai magana kan nuna tushen labarinsa. Parashanmi na nufin ana ruwa, ni na gani. Parashansi, wai ana ruwa, haka aka ce mini. Parashanchá, wataƙila ana ruwa. Hausa na da "wai", amma a Quechua abin ya shiga jikin kalma, har ana gane wanda ya ɗauki jita-jita ya mayar da ita shaidar ido. Ɗan jarida zai so a ce kowane harshe haka yake.

"Mu" ma iri biyu ne: ñuqayku, mu ban da kai, da ñuqanchik, mu har da kai.

Duk da cewa Peru ta mayar da Quechua harshen hukuma tun 1975, iyaye da dama da suka koma birane sun daina koya wa 'ya'yansu, saboda ƙyamar da ake nuna wa masu magana da shi. Sai a watan Disamban 2016 gidan talabijin na gwamnatin ƙasar ya fara gabatar da labarai da harshen, kuma sunan da aka raɗa wa shirin shi ne Ñuqanchik.