Ɗan tsuntsun da ke ƙetare Sahara

Lokacin kaka, idan hatsi ya nuna, manomi yakan ɗauki kowane tsuntsu abokin gaba. Amma ba duka ne ɓarayin hatsi ba. Akwai wani ɗan baƙo da ke ratsa ƙasarmu a watannin Satumba da Oktoba, wanda bai taɓa cin gero ko dawa ba. Da Faransanci ana ce masa gobemouche noir, wato baƙin mai haɗiye ƙuda.

Bai kai gwara girma ba. Tsawonsa santimita 13 ne, nauyinsa kuwa kamar giram 12, kwatankwacin ƙwaya biyu ko uku na sukari. Bakinsa siriri ne, ba kamar na jan baki ba, wanda ke da kauri don fasa tsaba. Yakan zauna a kan reshe yana kaɗa fiffike. Da ya hango ƙwaro sai ya zabura ya cafke shi, a sama ko a ƙasa. Ƙudaje, tsutsotsi da tururuwa su ne cimarsa.

A Turai yake haihuwa, tun daga Ingila har cikin Rasha. Yana isa can a watan Afrilu ko Mayu. Yana yin sheƙa cikin kogon itace, ko cikin ƴan akwatunan katako da mutane ke rataya masa. Macen takan yi ƙwai 5 zuwa 7 masu launin shuɗi-shuɗi, ta kwanta a kansu mako biyu. Bayan wasu mako biyu da ƴan kwanaki, ɗiyan sun tashi. Wani namijin ma mata biyu gare shi, kowace da sheƙarta nesa da ta kishiya, sai dai uwargida ce ke samun yawancin taimakonsa wajen ciyar da ɗiya.

A can Turai namijin ɗan kwalliya ne: bayansa baƙi, cikinsa fari fat, da farin tabo a goshi. Macen kuwa ruwan ƙasa ce. To, amma kafin su kamo hanya, namijin yana zubar da gashinsa, ya koma kamannin mace. Shi ya sa wanda muke gani da kaka ba baƙi ba ne. A duba fiffike: akwai farin tabo a kansa, wannan ita ce alamarsa.

Tafiyar ce abin mamaki. Masu bincike na ƙasar Holan sun ɗaura wa wasu daga cikinsu ƴan na'urori, kuma a shekarar 2016 suka bayyana cewa tsuntsun kan yi awa 40 zuwa 60 yana tashi bisa Sahara bai sauka ba. Ba ci, ba sha, sai kitsen jikinsa. Yawancinsu suna yin rani a dazuzzukan Gini, Kodibuwa, Gana da Nijeriya, su juya gida da bazara.

Tsuntsun da ya yi irin wannan tafiya yana saukowa a rame. Itace yake nema, mai ganye da ƙwari. Gawo ya dace da shi, domin shi da kaka yake fitar da ganye. Manoman jihohin Maradi da Damagaram, waɗanda tun shekarun 1980 suke barin itatuwa su tsiro a gonakinsu, sun ƙara wa irin waɗannan baƙi masauki, ko da ba don su suka yi ba.

A Turai ma yana da matsala. Ɗumamar yanayi ta sa tsutsotsi suna fitowa da wuri, shi kuwa yakan iso a makare, ɗiyansa su rasa abinci. A wasu dazuzzukan Holan, binciken 2006 ya nuna kusan 9 cikin 10 sun ɓace.

Iyaye, ku koya wa yaran da ke tsaron gona su dubi bakin tsuntsu kafin su harbe shi da danƙo. Wanda kuma ya tsinci tsuntsu da zobe a ƙafa, kada ya ji tsoro, ba sihiri ba ne. Lamba ce ta masu bincike. A kai zoben wurin ma'aikatan daji, a gaya musu ranar da aka same shi da kuma wurin.