Kayan Durɓi Takusheyi sun dawo gida, saura su shiga aji

Daga Achilafiya zuwa Mani ta Jihar Katsina ba tafiyar yini ba ce, amma da wuya a samu ɗalibi a ƙasar Kazaure da zai iya faɗin abin da aka tono a Durɓi Takusheyi, kusa da Mani. Abin takaici, mutanen birnin Mainz na ƙasar Jamus sun riga 'ya'yanmu ganinsa.

Durɓi Takusheyi makabarta ce ta sarakunan Katsina na dauri. Baturen mulki Palmer ya tona wasu daga cikin kusheyin a 1907, aka sake tona wasu a 1992. A 2007 aka kai kayan da aka samu wani gidan tarihi a Mainz, ƙwararru suka gyara su, suka nazarce su. An baje su ga jama'a a can a 2011, kana aka dawo da su Najeriya a 2014.

Cikin kayan akwai 'yan kunne na zinariya da mundayen hauren giwa da wuri da duwatsun ado, har da tasar ƙarfe ƙirar Gabas ta Tsakiya, wasu tun wajejen ƙarni na 14. Ma'ana, tun kafin Bature ya san hanyar ƙasar Hausa, fataucinmu ya riga ya ƙetare Sahara. Yaron da ya ga wannan tasa da idonsa, ba wanda zai sake ce masa tarihinsa da mulkin mallaka ya fara.

Haƙiƙa haɗin gwiwar ya yi rana, domin an ceto kayan daga lalacewa kuma sun dawo hannun masu su. Sai dai akasarin abin da aka rubuta a kansu cikin Jamusanci da Ingilishi yake. Malamin firamare a Roni ko Gwiwa ko Ɓaɓura, da me zai shiga aji?

A ganina, duk yarjejeniyar da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa za ta ƙulla da wani gidan tarihi na ƙetare, ya kamata a rubuta sharaɗin koyarwa a cikinta: a horar da malamai, a fassara bayanai zuwa Hausa, a ƙera kwatankwacin kayan a zuba a akwatuna su riƙa zagaya makarantun karkara. Ita ma Masarautar Kazaure tana da abin bayarwa, daga tarihin Ɗantunku da ya kafa ta zuwa takardun Ajami da ke hannun gidajen malamai.

Mun yi murna a Disamban 2022 da Jamus ta dawo da wasu tagullan Benin. To amma idan kaya suka baro ma'ajiyar Turai suka shige ma'ajiyar gida aka rufe, ai makulli kawai aka sauya. Ranar da ɗalibar Achilafiya ta iya ba iyayenta labarin Durɓi, ranar ce za mu ce kayanmu sun iso.