Wa'adin Neman Diyya Kan Lalata da Yara: Nazari Daga Kudancin Kaduna

A tsarin shari'ar da Najeriya ta gada daga Ingila, laifin lalata da yaro yana da ƙofofi biyu a kotu: ƙarar laifi, wadda gwamnati ke shigarwa domin a hukunta mai laifi, da ƙarar neman diyya, wadda wanda aka cuta ke shigarwa da kansa domin a biya shi kuɗin magani da asarar karatu da sauran ɓarnar da aka yi wa rayuwarsa. Ƙofa ta biyu tana da wa'adi, wato lokacin da doka ta ƙayyade, wanda idan ya wuce kotu ba za ta saurari ƙarar ba ko da kuwa gaskiya ce tsagwaronta. A Jihar Kaduna, dokar ƙayyade lokaci da ke cikin kundin dokokin 1991 ta ba da shekara 5 ga ƙarar yarjejeniya da ta cutarwa, ma'ana ma'aunin da aka yi domin rikicin bashi da ciniki shi ne ake auna yarinyar da aka yi wa fyaɗe da shi.

Jihar ta yi gaba sosai ta fuskar hukunci, domin ta kafa dokar kare yara a 2018, sannan a Satumban 2020 Gwamna Nasir El-Rufai ya sa hannu a gyaran da ya tanadi dandaƙa da kisa ga wanda ya yi wa yaro ɗan ƙasa da shekara 14 fyaɗe. Akwai kuma cibiyar Salama a asibitin Patrick Yakowa da ke Kafanchan, inda ake duba waɗanda aka ci zarafinsu. Sai dai tsananin hukuncin yana da wani sakamako da ba a cika faɗa ba: a gari irin Fadan Kagoma, inda mai laifin yakan kasance kawu ko maƙwabci ko malami, dangi sukan gwammace a rufa asiri a gaban dattawa ko shugabannin addini da a kai ɗan gida inda za a iya kashe shi. Yarinyar ba ta da bakin magana a wannan sulhu, kuma kafin ta yi aure ko ta sami abin hannunta har ta iya zuwa Babbar Kotu a Kafanchan, shekaru sun ja. Ko ƙa'idar da ke dakatar da ƙidaya har yaro ya girma ba ta warkar da matsalar, domin hukumar binciken da Ostireliya ta kafa kan lalata da yara ta gano cewa waɗanda suka ba ta shaida sun ɗauki kusan shekara 24, a matsakaicin lissafi, kafin su fara buɗe baki.

Wa'adin ya fi ƙunci idan hukuma ake tuhuma da sakaci, kamar makarantar gwamnati ko gidan marayu, saboda dokar kare jami'an gwamnati ta ba da wata 3 kacal, kuma a 1998, a shari'ar Ibrahim da hukumar kula da ma'aikatan shari'a ta Jihar Kaduna, Kotun Ƙoli ta ce kariyar ta haɗa da hukumomi, ba mutane kaɗai ba. Lauyoyi sukan kauce ta hanyar dokokin kare haƙƙin ɗan Adam na 2009, waɗanda suka ce babu wa'adin da ke kashe irin wannan ƙara, amma ba kowace ɓarna ce ke shiga wannan rukuni ba.

Wasu ƙasashen sun sauya hanya. Sikotlan ta cire wa'adin a 2017, Afirka ta Kudu ta gyara dokarta a 2020, ita kuwa Jihar New York a Amurka ta ɗaga iyakar zuwa shekara 55 da haihuwa a 2019, ta kuma buɗe ƙofa ga tsofaffin ƙararraki, inda aka shigar da fiye da 10,000, har wasu rassan Cocin Katolika suka bayyana karyewar arziki. Masu adawa suna da hujjar da ba za a raina ba, cewa shaidu suna mutuwa, takardu suna ɓata, kuma mutum ba ya iya kare kansa daga zargin abin da ya faru shekara 30 baya. Wannan haɗari ya fi girma a yankin da ajiyar takardun asibiti da na makaranta ke da rauni, kuma zargi ke iya ɗaukar launin ƙabila ko addini cikin sauri. Amma nauyin kawo hujja yana nan a kan mai ƙara, kuma alƙali yana da ikon korar ƙarar da ba ta da tushe, saboda haka cire wa'adi ba ya nufin yarda da kowane zargi.

Majalisar Dokokin Jihar Kaduna, wadda ta amince da hukuncin kisa a 2020, tana da ikon ware lalata da yara daga wa'adin shekara 5 da na wata 3, kuma wannan gyara ya fi wancan sauƙi.