Numfashin inji: abin da za a duba kafin mota ta shiga Tenere

Yau zancenmu a kan mota ne. Wani zai ce: "Ni ba ni da mota, ina ruwana?" To, da ruwanka. Albasar da ake nomawa a Tabalot, mota ce ke kai ta kasuwar Agadas. Ɗanka da ya tafi neman zinariya a Jado ko Cibarakatan, mota ya shiga. In ciwo ya yi tsanani a gida, mota ce ke kai marar lafiya wurin likita. Kuma injin ban ruwa na garkarka da injin niƙa na gari, duk dangin injin mota ne. Abin da za mu faɗa ya shafe su.

Me ya sa za mu damu?

Daga Agadas zuwa Arlit wajen kilomita 240 ne. Daga Agadas zuwa Bilma ya fi kilomita 500, kuma rairayi ne. Babu gareji a hanya, rijiyoyi kuma suna nesa da juna. In mota ta mutu a cikin gari, an yi hasarar kuɗi. In ta mutu a cikin Tenere, rayuka ne ke cikin haɗari.

Ba mu manta da watan Oktoba na 2013 ba. Motoci biyu sun tashi daga Arlit za su Aljeriya, suka lalace a hanya. An tsinci gawar mutum 92 da ƙishirwa ta kashe. A cikinsu 52 yara ne, 33 mata. Da yawansu mutanen yankin Kance ne, a ƙasar Damagaram. A 2017 kuma mutum 44 suka rasu tsakanin Agadas da Dirku, bayan motarsu ta lalace. Allah ya jiƙansu.

Abubuwa da yawa ke kashe mota. Amma inji ba ya mutuwa farat ɗaya. Yana nuna alamu tun da wuri. Wanda ya san alamun, yana iya tsare ransa da ran mutanen da ya ɗauko.

Yadda inji ke numfashi

A cikin inji akwai ramuka da ake kira silinda. A cikin kowane rami akwai fistan, yana hawa yana sauka kamar taɓarya a turmi. In ya hau, sai ya matse iska da mai, wuta ta kama, ƙarfin wutar ya turo shi ƙasa. Wannan turi shi ke juya ƙafafun mota.

A jikin fistan akwai zobba na ƙarfe. Aikinsu su tare wuta da hayaƙi a sama, su tare baƙin mai a ƙasa. Amma ko inji sabo ne, hayaƙi kaɗan yana sulalewa ta gefen zobban. Yana gangarawa cikin tukunyar da baƙin mai ke kwance, a ƙasan inji. Wannan tukunya ita makanikai ke ce wa kartar.

Ku tuna tukunyar da ke tafasa a kan murhu. In an rufe ta ruf, tururi zai ɗaga marfi, miya ta zube. Haka tukunyar inji take. Dole a bar wa hayaƙin ƙofar fita. Ƙofar nan wani tiyo ne da ke fitowa daga saman inji. Mu kira shi hancin inji.

A motocin da, tiyon yana rataye ne a ƙasan mota, hayaƙi na fita waje. Tun wajen 1963, a ƙasar Amurka, aka fara tilasta wa masu ƙera motoci su mai da hayaƙin cikin inji ya sake ƙonewa. Yanzu haka ake ƙera motoci ko'ina. Tiyon yana komawa cikin bututun da inji ke shan iska. Kafin nan, hayaƙin yana bi ta wani ɗan akwati mai tace mai, don man ya koma tukunya.

Mene ne turbo?

Tsofaffin direbobi sun san Toyota Land Cruiser mai silinda 6, wadda injinta ya fito a 1990. Ba ta da turbo. Ƙarfinta wajen doki 130 ne. A 2007 aka fito da mai silinda 8 da turbo, mai ƙarfin doki wajen 200. Yawancin Hilux masu shan gazuwal na yanzu ma turbo gare su, haka manyan motocin kaya.

Turbo kamar zugazugin maƙeri yake. Maƙeri yana zuga iska don wuta ta ƙara ƙarfi. Turbo fanka biyu ne a kan sanda guda. Hayaƙin da ke fita daga inji yana juya ta farko. Ta biyun kuma tana cusa iska cikin inji. Wani mutumin ƙasar Suwis, Alfred Büchi, shi ya ƙirƙiro dabarar a 1905.

Sandar turbo tana juyawa fiye da sau 100.000 a minti guda. Zafin hayaƙin da ke bi ta cikinsa yakan wuce digiri 600 in mota na jan kaya. Baƙin mai ne ke hana sandar ƙonewa. Man yana shiga ta sama, ya gangara ta ƙasa ya koma tukunya.

Ga abin lura. Tun da turbo yana ƙara matsi a cikin silinda, hayaƙin da ke sulalewa ta zobba ma yana ƙaruwa. Saboda haka hancin injin turbo ya fi na tsohon inji aiki.

In hanci ya toshe

Dattin mai da ƙura suna iya toshe tiyon. Zafi kuma yana iya busar da shi ya tsage, ko ya lanƙwashe. In ya toshe, hayaƙi zai taru a tukunya, ya nemi hanya da ƙarfi. Ga abin da ke biyo baya:

1. Robobin da ke tare mai a gaba da bayan inji su fara yoyo.
2. Sandar awon mai ta riƙa ɗagowa da kanta.
3. Man da ke cikin turbo ya kasa gangarawa, sai ya bi iska ya shiga inji, ko ya bi bututun hayaƙi.
4. Mai ya riƙa raguwa ba a sani ba, har inji ya ƙone.

Sau da yawa akan ce turbo ya mutu, a sayi wani da tsada. Bayan ƴan kwanaki sabon ma ya fara zubar da mai. Ashe tiyo ne ya toshe. A fara duba ƙaramin abu kafin a taɓa babba.

Ƙura ce babbar abokiyar gaba

A ƙasarmu iska ba ta rabuwa da rairayi, balle lokacin hunturu. Rairayi in ya shiga inji yana cin zobba da bangon silinda, kamar yadda dutsen niƙa ke cin hatsi. In zobba sun cinye, hayaƙi mai yawa zai sauka tukunya, har ya fi ƙarfin hancin, ko da bai toshe ba.

Matacin iska shi ne mai gadin ƙofa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙaramar tsaga a jikin mataci, ko a tiyon da ke tsakaninsa da turbo, ta isa ta kashe inji. Kada a buga mataci da ƙarfi a jikin taya. Kada a wanke na takarda da ruwa ko da mai. A haska fitila a cikinsa. In an ga huda, a canza shi.

Wasu suna cire tiyon hancin inji su bar shi yana lilo a ƙasa, wai don kada mai ya shiga turbo. In an yi haka ba a toshe ramin da aka cire shi ba, ƙura za ta bi ramin kai tsaye zuwa turbo. Kuma cire tiyo ba ya warkar da zobban da suka cinye. Ɓoye ciwo ne kawai.

Wasu kuma suna ɗaura wani gwangwani a kan tiyon don ya tare mai. Yana da amfani in tiyonsa mai faɗi ne, kuma ana juye shi a kai a kai. In ya cika aka manta da shi, shi ma toshewa ce.

Dubawa bakwai kafin tafiya

Ba a fafe gora ranar tafiya. A yi wannan dubawa kwana biyu ko uku kafin a tashi, don a sami lokacin gyara.

1. Awon mai. A ajiye mota a wuri madaidaici, inji a kashe. A zaro sanda, a goge, a mayar, a sake zarowa. Mai ya tsaya tsakanin alamomi biyu. Kada ya gaza, kada ya wuce. Mai da ya yi yawa shi ma yana bin hanci ya shiga inji.

2. Kamannin mai. Man injin gazuwal yana yin baƙi da wuri, wannan ba laifi ba ne. Amma in ya yi fari-fari kamar an zuba madara a shayi, ruwa ya shiga. In ya tsinke yana warin gazuwal ko fetur, ko kuma yana ƙaruwa da kansa, a kai mota gareji.

3. Gwajin marfi. A tada inji ya yi zafi, a bar shi yana aiki a tsaye. A kwance marfin wurin zuba mai, a aza shi a bakin ramin ba a ɗaure ba. In yana ɗan rawa kaɗan, ba komai. In iska ta ture shi, hayaƙi na fita fuf-fuf kamar bakin tukunya, to zobba sun gaji ko hanci ya toshe. A yi hankali da rawani da hannun riga, kada fanka ta kama su.

4. Tiyon hanci. Inji a kashe, a matsa shi da yatsa. Kada ya zama busasshe, ko tsagagge, ko cike da datti.

5. Bututun iska. A kwance shi a bakin turbo. Ɗan maiƙo kaɗan ba laifi. In mai ya kwanta, akwai matsala. In an shafa yatsa aka ji rairayi, ƙura tana wuce mataci.

6. Ruwan inji. A duba shi da safe, inji da sanyi. Kada a taɓa buɗe lagireto da zafi, ruwan yana ƙona fuska. In ana ganin kumfa na tasowa lokacin da inji ke aiki, a nuna wa makaniki.

7. Ƙasan mota. A kwanar da ita a wuri mai tsabta. Da safe a duba ko mai ko ruwa ya ɗiga.

Hayaƙi yana magana

Shuɗin hayaƙi: inji yana ƙona baƙin mai. A duba hanci, da turbo, da zobba.

Baƙin hayaƙi: mai ya fi iska yawa. A fara duba matacin iska da tiyoyin turbo.

Farin hayaƙi da ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi: ko ruwa na shiga silinda, ko gazuwal ba ya ƙonewa daidai.

In inji ya ƙi mutuwa

Wannan haɗari ne na injin gazuwal. In baƙin mai da yawa ya shiga bututun iska, inji yana iya kama shan man nan. Sai ya yi ta ƙara gudu da kansa, da ruri da hayaƙi mai yawa. Ko an cire makulli ba ya tsayawa. Direba ya taka birki da ƙarfi, ya sa giya mafi girma, ya saki kuloci, inji zai shaƙe. In bai yiwu ba, a toshe bakin shan iska da katako mai faɗi. Kada a sa hannu ko tsumma. Fasinjoji su sauka su yi nisa. Kada a sake tada injin sai makaniki ya gani.

Halaye masu tsawaita ran inji

Da safe, a bar inji ya yi minti ɗaya ko biyu kafin a taka shi, don mai ya kai turbo. Bayan doguwar tafiya ko hawan tudun rairayi, kada a kashe shi nan take. A bar shi minti biyu ko uku turbo ya huce. In ba haka ba, man da ke cikinsa zai ƙone ya zama gawayi.

A ƙasa mai ƙura da zafi irin tamu, inda zafin bazara ke wuce digiri 40, a juye mai da matacinsa duk kilomita 5.000. A sayi mai a galan mai hatimi. A rubuta ranar juyewa da lambar kilomita a ɗan littafi. Ga amfanin karatu: wanda ya iya rubutu ba ya cewa "ina jin watan jiya ne".

Tsohon mai guba ne. Kada a zuba shi kusa da rijiya ko a garka. Kada a shafa wa raƙumi ko akuya don ƙazuwa, a nemi ma'aikacin dabbobi.

In ƙungiyarku za ta sayi tsohuwar mota, ku tafi da makanikin da kuka yarda da shi. Yana da agogon da ke auna matsin kowace silinda. In ɗaya ta gaza sauran sosai, injin ya gaji, komai kyan fentin motar. Ku ce a tada ta da sanyi a gabanku, ku ga hayaƙinta.

Masu injin ban ruwa da na niƙa, ku ma ku nemi hancin injinku ku share shi. Ku auna mai kowace safiya.

Kai kuma fasinja, kana da bakin magana. In ka ga mota na zubar da mai a tasha, ko tana shuɗin hayaƙi, ka tambayi direba. Ka tambaya ko da ruwan sha isasshe, ko motar za ta tafi tare da wasu. In hankalinka bai kwanta ba, ka jira wata. Madugun azalai ba ya fita da raƙumi mai tari.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Mene ne aikin hancin inji?
2. Me shuɗin hayaƙi ke nunawa?
3. Me ya sa ba a kashe injin turbo nan take bayan doguwar tafiya?
4. A garinku, ina ake zuba tsohon mai?

Wanda ya karanta, ya karanta wa direba da yaron motar garinsu. Allah ya kai kowa gida lafiya.