Tsohuwar Kwamfuta Mai Tsimin Data

A ce ga ɗakin kwamfuta na wata makaranta a Kwoi, inda ɗalibai ke atisayen jarrabawar JAMB: kwamfuta ashirin, layin intanet ɗaya. Kowacce ta tashi sabunta manhajarta sai ta sauko da fayil ɗin da maƙwabciyarta ta sauko da shi ɗazu. Kafin tsakiyar wata data ta ƙare. Tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025, ɓarnar ta ƙara ciwo.

Maganin ba sabo ba ne. Ana ware kwamfuta ɗaya ta zama ɗan aike tsakanin sauran da intanet. Duk abin da ta ɗauko sai ta ajiye kwafinsa, wanda ya sake nema ta miƙa masa daga ajiya. Fitacciyar manhajar wannan aiki ita ce Squid, wadda Duane Wessels ya jagoranci fitar da ita a Amurka a 1996. Kyauta ce, kuma lambobinta a buɗe suke, kowa na iya dubawa ya gyara.

Kudancin Kaduna, inda Kwoi take, ya daɗe da sanin zafin layi ɗaya ga mutane da yawa. Gidauniyar Fantsuam da ke Bayan Loco a Kafanchan ta kafa Zittnet, ta riƙa raba intanet ɗin tauraron ɗan'adam mai ɗan karen tsada ga makarantu da ƙananan 'yan kasuwa, tun kafin wayar MainOne ta iso Legas ta ƙarƙashin teku a 2010.

To a kan wace babbar manhaja za a ɗora Squid? A ganina Linux, ba tare da dogon tunani ba. A nau'in Linux na Debian ko Ubuntu umarni ɗaya ke girka ta, saitinta yana cikin fayil ɗin squid.conf, tana sauraro a ƙofa ta 3128. Kwamfutar da aka jingine saboda tsufa ta wadatar. FreeBSD da OpenBSD ma suna ɗaukar ta lafiya, sai dai mai gyara ya fi wuyar samu. A Windows tana tafiya ne ta hanyar Cygwin, kuma sigar da ake samu takan kasance a baya. Masu amfani da manhajar pfSense su sani cewa mai ita, kamfanin Netgate, ya sanar a 2023 zai janye Squid saboda ramukan tsaro da ba a toshe ba.

Amma kada a yi wa shugaban makaranta alkawarin da ba zai cika ba. Yawancin shafuka yanzu a kulle suke da HTTPS, Squid ba ta ganin cikinsu balle ta ajiye. Akwai dabarar ɓalle kullen, amma leƙen asirin ɗalibai ne, ban goyi bayanta ba. Ribar da ta rage ita ce fayilolin sabunta manhaja, da toshe shafuka da sunansu, da ƙayyade gudu don kada mai kallon bidiyo ɗaya ya hana aji karatu.

Malamin kwamfuta, abu biyu nake roƙonka. Haɗa na'urar da batiri ko sola, domin ɗauke wuta ba zato na iya lalata ajiyar. Sannan kada ka buɗe ƙofar 3128 ga duniya: kwamfutocin makarantarka kaɗai za ka ba izini.