Isawa da Gimi: Me Labarin Baka Ke Iya Tabbatarwa?

A majami'un ƙasar Ikara da Maƙarfi, har yau ana ba da labarin Malam Ibrahim, malamin Kano da ya duƙufa kan ayoyin Alƙur'ani masu ambaton Annabi Isa har ya tara almajirai. An kashe shi a zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi, mabiyansa, Isawa, suka watse zuwa Ningi da iyakar Zazzau. A 1913 wasu daga zuriyarsu suka iske Likita Mila, Baturen mishan, a Zariya, aka kafa ƙauyen Kirista a Gimi, kafin ciwon barci ya tarwatsa shi.

Wannan ɓangaren yana da ƙafafun tsayuwa, domin takardun mishan sun rubuta shi tun shaidu na raye. Inda ake taka-tsantsan shi ne cewar da ake yi wai Malam Ibrahim ya yi annabcin zuwan masu kawo Linjila. Sai bayan Turawan mishan sun iso aka rubuta zancen, kuma waɗanda ya yi wa daɗi ne suka rubuta. Ai Isawan farko Alƙur'ani suke karantawa.

Haka masana ke auna tarihin farkon Kiristanci. Yusibiyus na Kaisariya, a ƙarni na 4, ya rubuta cewa Markus ne ya kai bishara Iskandariya, shi ma da "an ce" ya fara, fiye da shekara 200 bayan zamanin Markus. Tsakanin kisan Malam Ibrahim da Gimi kuwa shekara 50 ce ko ƙasa da haka, amma har labarin ya riga ya sami ado.