Mafitsara Bayan Raunin Laka: Jan Hankali ga Masu Jinya a Jidda

A Saudiyya haɗarin mota ne kan gaba wajen ji wa mutane rauni a laka, kuma akasarin waɗanda abin ke rutsawa da su samari ne masu jini a jika. Hausawan Jidda, daga mazauna Karantina da Hindawiyya har baƙin da aiki ya kawo, su ma abin yakan faɗo musu. Idan aka sallami majinyaci daga Asibitin Sarki Fahad ko na Jami'ar Sarki Abdul'aziz, ko ya gama zaman gashi a asibitin Abdul Latif Jameel, tambayar dangi ɗaya ce: yaushe zai taka? Maganar fitsari kuwa kowa sai ya kau da kai saboda kunya, alhali ita ce ke yawan mayar da mai raunin laka gadon asibiti.

Mafitsara ba ta yin gaban kanta. Idan ta cika, saƙo ne ke bi ta laka ya kai ƙwaƙwalwa, umarni ya dawo ta matse, ƙofarta ta buɗe. Rauni yana yanke wannan hanya. A jikin wani sai mafitsarar ta saki, ta yi ta cika ba ta fitarwa. A jikin wani kuma ta riƙa matsewa barkatai ƙofar na rufe, ƙarfin matsin ya tura fitsari sama zuwa ƙoda. Kowanne dai, fitsari na kwana a ciki, ƙwayoyin cuta su samu wurin hayayyafa. Ganin majinyaci yana jiƙa shimfiɗa ba ya nufin mafitsarar ta fitar da komai. Sau da yawa ambaliya ce kawai, kamar randar da ta cika ta batse.

A Yaƙin Duniya na Ɗaya, kusan 80 cikin 100 na sojojin Amurka da aka raunata a laka sun mutu cikin makonni kaɗan, galibi ta dalilin cutar fitsari da gyambon kwanciya. Sauyi ya fara ne a 1944, lokacin da Dakta Ludwig Guttmann ya buɗe sashen masu raunin laka a asibitin Stoke Mandeville na Ingila, ya tsaya kan a riƙa zura roba a kwashe fitsari a cire, a kan lokaci. A 1972 Dakta Jack Lapides na Jami'ar Michigan ya nuna cewa ba sai da kayan tiyata ba: majinyaci na iya yi da kansa a gida da hannu mai tsabta, domin barin mafitsara ta cika maƙil ya fi 'yan ƙwayoyin da roba ke shiga da su haɗari. Har gobe wannan ce hanyar da likitoci suka fi so ga mai iya amfani da hannunsa, ko mai mataimaki tsayayye.

Yadda ake yi ba wuya, naci ne yake buƙata. A wanke hannu da sabulu, a wanke gaba. Mace ta goge daga gaba zuwa baya. A shafa wa robar man santsi na asibiti mai narkewa a ruwa, ba basilin ba. A zura a hankali har fitsari ya fara zuba, a jira ya tsaya cak, sannan a janyo sannu-sannu don ragowar ta fita. Idan robar ta cije, a dakata, majinyaci ya ja numfashi, a sake gwadawa; ba a dannawa da ƙarfi, gudun yage hanyar. Ana yi duk bayan awa 4 zuwa 6, kuma abin da ake so kada abin da ya fito a lokaci guda ya wuce rabin lita. In yana wucewa, a rage tazara. Ni a ganina ƙaramin kofin awo da littafin rubuta lokaci sun fi yawancin magungunan da ake tarawa a gefen gado amfani.

Wanda hannunsa ba ya aiki, akan bar masa robar zama, mai ɗan balan-balan da ake cikawa da ruwa ya riƙe ta a ciki, ko kuma a huda mara a saka ta nan. Jakar fitsarin ta zauna ƙasa da mafitsara kullum, amma kada ta taɓa ƙasa. A ɗaure robar a jiki don kada ta fizge, a duba kada ta lanƙwashe a ƙarƙashin cinya ko a gefen keke. A juye jaka kafin ta cika, kada bakin famfonta ya taɓa bokiti, kuma a daina raba roba da jaka ba dalili. Canji kan zo ne tsakanin mako 4 zuwa 12, gwargwadon irin robar da saurin toshewarta. Mai yawan toshewa da farin ɓarɓashi a gaya wa likita, domin akwai ƙwayar cutar da ke sa fitsari yin tsakuwa.

Ga inda aka fi yin kuskure. Duk mai robar zama, kafin wata guda ƙwayoyin cuta sun zauna a fitsarinsa, komai tsabtarsa. Zamansu ba ciwo ba ne. Fitsari ya yi duhu ko wari kaɗai, majinyaci na cin abinci yana hira, ba dalilin shan maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ne. A fara da ƙara ruwa. Alamun da ke cewa ciwo ya kama su ne zazzaɓi, rawar ɗari, kasala, tashin zuciya, ƙaruwar fizgar ƙafafu, yoyo tsakanin zurawa wanda da babu, ko ciwon kwiɓi ga mai ji. Raɗaɗin fitsari da kowa ya sani, shi mai raunin laka ba lallai ya ji ba. Idan alamun suka bayyana a kai fitsari awo kafin a fara magani, kuma a ɗebo shi ta sabuwar roba, ba daga jaka ba.

Tun 2018 Ma'aikatar Lafiya ta Saudiyya ta tsaurara hana sayar da waɗannan magunguna ba takardar likita, da tarar da ke kaiwa riyal 100,000. Sai wasunmu suka koma yin saƙo a taho musu da kafso daga gida a jakar masu Umara. Wannan ba wayo ba ne. Duk shan da aka yi ba bisa ƙa'ida ba, masu raunin cikin ƙwayoyin ne ke mutuwa, masu taurin kai su gaje wurin, ranar da ciwon gaske ya hau ƙoda a nemi maganin da zai ci a rasa, sai na allura a asibiti.

Sai zancen ruwa. Zafin Jidda da damshinta sananne ne, a Yunin 2010 ma ma'auni ya kai 52. Mai rauni a saman laka jikinsa ba ya daidaita zafi kamar na kowa. Duk da haka za ka tarar majinyaci na ƙin shan ruwa, don kada ya wahalar da mai juye masa jaka, ko don tsoron najasa lokacin salla. Malamai sun daɗe da bayanin sauƙin da shari'a ta yi wa mai yoyon fitsari, haka ma rangwamen azumi ga marar lafiya. A tambaye su, a tambayi likita kafin Ramadan. Mai zurawa yana cirewa kan buƙaci kimanin lita 2 a yini, a rarrabe, a rage da dare. Mai robar zama ya fi haka. A kula da bayan gida ma, don cushewar ciki na danne mafitsara.

Abu ɗaya ba ya jira. Wanda rauninsa ke daga tsakiyar ƙirji zuwa sama, gaɓar da likitoci ke kira T6, toshewar roba na iya harba jininsa sama cikin mintuna: matsanancin ciwon kai, gumi da jan fuska, toshewar hanci, gani dishi-dishi. Kada a kwantar da shi. A zaunar da shi tsaye, a sauke ƙafafu, a sassauta tufafi, a warware robar ko a kwashe fitsarin nan take. Idan bai lafa ba a kira motar agaji a 997, a gaya musu mai raunin laka ne, domin abin na iya kaiwa ga shanyewar jiki ko rasa rai. Tambayar da ba ta gaggawa ba kuma, layin Ma'aikatar Lafiya 937 na aiki dare da rana.

Maniyyata masu keke da ke tasowa daga Kano ko Sakkwato su ma su yi lissafi: tafiyar jirgi ta haura awa 4, ga jiran filin jirgi, ga hanyar Makka. A kwashe fitsari dab da shiga jirgi, a sa robobi da man santsi a jakar hannu, ba a babban kaya ba.

Masu jinya kuma, ko majinyacinku na cikin ƙoshin lafiya, ku nemi a riƙa yi masa hoton ƙoda da gwajin aikinta sau ɗaya a shekara, domin ƙoda kan lalace ba tare da ya ji komai ba.